Torino, Garin da Ake Ɗinka wa Mota Riga

Aiki ne ya kai ni Milan ta ƙasar Italiya, amma da na samu sarari sai na hau jirgin ƙasa, kamar awa ɗaya sai ga ni a Torino. Makon jiya na dawo gida, har yanzu zancen motoci nake yi, iyali sun fara gajiya da ni.

Gidan tarihin motoci na Torino yana kusa da kogin Po. Motoci birjik, amma Cisitalia 202 ce ta tsayar da ni. A 1947 ta fito, ƙira ce ta Pinin Farina, wani gidan masu ƙera bodin mota, ga ta 'yar mitsitsiya, rufinta bai kai ƙirjina ba. Yawancin motocin zamaninta, fitila daban, rumfar taya daban, bodi daban. Ita kuwa komai a haɗe yake, layi ɗaya ya taso daga fitila ya bi gefe, rufin ya gangaro baya a hankali. Ba tarkacen ado. Abin mamaki, injinta na Fiat 1100 ne aka ƙara wa ƙarfi, amma kyanta ya sa a 1951 aka baje ta a gidan zane-zanen zamani na New York.

Mai masaukina wani dattijo ne, tsohon mai bugun bodi, 'yarsa ke mana tafinta. Ya ce a wancan zamani kamfani inji da ƙashin mota yake bayarwa, sai a kai wa masu bodi kamar yadda ake kai yadi wurin tela: Pinin Farina, Bertone da Ghia a Torino, Touring da Zagato a Milan. Sai a sassaƙa siffar motar da katako, a yi ta bugun fallen alminiyam da guduma ana gwadawa har ya zauna. Na ce, "Baba, ai ni Peugeot 504 na taso na gani, wadda a da ake haɗawa a Kaduna." Ya yi dariya, ya ce ai ita ma gidan Pininfarina ne suka zana ta. Ashe shekara da shekaru hannun Italiya muke hawa zuwa Zariya! Ya cika ni da taliya da cuku, ya hana ni biyan ko sisi a kan abincin.

Ba kowa ne haka ba. A wani shagon kofi na zauna a kujera, kuɗi ya kusa ninkawa, wai na tsaye farashinsa daban. Da na tambaya, yaron shagon ko kallona bai yi ba, ya nuna min allo da yatsa. Ruwan sha ma saye ne, kuma ba araha.

Kafin in taso na leƙa gidan tarihin Alfa Romeo a Arese, bayan garin Milan. Na ga Giulietta Sprint ta 1954, ƙirar Bertone, da kuma Disco Volante ta 1952. Suna da kyau, amma ƙafafuna sun riga sun gaji, ga jirgi da asuba.