Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Baturiyar Gidanmu

Makon jiya na tsaya a inda Mama ta sauka daga jirgin ƙasa a tashar Zariya, a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, da akwati ɗaya da keken ɗinkinta. Da aka shigo da ita gida, Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta juya wurin Baba ta ce, "Baƙo raɓa ne." Mama ba ta jin Hausa, murmushi kawai ta yi. Sai bayan shekara biyu Gwaggo ta fassara mata, kuma ni dai na san da gangan ta yi.

Ai Mama ba a Zariya ta fara baƙunta ba. A wani ƙauye kusa da Königsberg, birnin Jamus a wancan lokacin, aka haife ta. A watan Janairun 1945, tana 'yar shekara biyar, uwarta ta ɗora su a keken doki cikin ƙanƙara, suna gudun sojojin Rasha. Ƙaninta jariri bai kai ba, a gefen hanya aka bar shi. Sau ɗaya tak ta ba ni wannan labarin, tana tsinken zogale, ba ta ko ɗaga kai ba. Königsberg ɗin yanzu sunansa Kaliningrad, yana hannun Rasha. Da suka isa Schleswig-Holstein, a arewacin Jamus, hukuma ta cusa su a ɗaki ɗaya a gidan wani manomi, matar gidan har dankali take ƙirgawa. Jamusawa 'yan'uwansu ne fa.

Raɓa, in ji Inna.

Ita ma Jamus ɗin ba ta raga mata ba. An haife ni a 1970, lokacin da dokarsu ta ce ɗan aure ƙasar ubansa yake bi, takardar uwa ba ta da amfani. Sai a 1975 aka gyara. An ba irinmu wa'adin neman zama 'yan ƙasa zuwa ƙarshen 1977, amma wa zai kai wa matar da ke Tudun Wada wannan labari? Ƙanwata ta 1976 ta samu fasfo, ni ban samu ba, uwa ɗaya uba ɗaya. Da suka sake buɗe ƙofar a 2021, Mama ta shekara goma a kabari, ban ma nema ba.

Na yi gaba da yawa. A 1979 Baba ya ƙara aure, kuma duk kun san wadda ta ɗaure masa gindi. Mama ce ta ɗinka labulen ɗakin amarya da kekenta, dare biyu, ba ta ce uffan ba. Amarya ta yi shekara huɗu ta fita. Da ciwo ya kwantar da Inna, Mama ce mai dama mata kunu, mai juya ta, mai wanke zannuwa. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, "Ke Baturiya" take cewa har ranar da ta cika.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda keken ɗinkin ya bar hannunmu.