Sa Hannun da Na Yi Ban Gwada Ba

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan La'asar, wani matashi da muka ɗauka aiki watanni huɗu da suka gabata ya kawo mini takardar kammala gwajin wata manhajar karɓar kuɗin makaranta, yana so in sa hannu a ƙarƙashin nasa. Da na tambaye shi sunayen da ya yi gwajin da su, sai ya ce, "Yallaɓai, da Musa Ali na gwada har sau uku, kuma a kwamfutata komai lafiya ƙalau." Gabana ya faɗi, domin kusan abin da na faɗa ke nan shekaru goma sha ɗaya da suka wuce.

A lokacin ni kaɗai ne mai gwaji a wani ƙaramin kamfani a Kano, kuma irin wannan manhaja muka yi wa wata makaranta. Na shigar da sunaye biyar masu sauƙi, na ga rasit ya fito, na sa hannu. Ranar rajista, ɗaliba ta bakwai a layi sunanta Sa'adatu, kuma a kanta komai ya tsaya cak, saboda a harshen SQL da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, alamar alhamza ita ce ke rufe rubutu, sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ragowar kuwa umarni ne da bai gane ba. Haruffa masu ƙugiya kuma suka riƙa fitowa a rasit a matsayin alamar tambaya. Mafi muni, da sabis ya yi rauni, mai karɓar kuɗi ta riƙa danna maɓallin biya sau biyu, manhajar kuma tana rubuta biya biyu. Makonni uku muka yi muna bin littafin banki layi-layi da biro, iyaye na tsaye a rana.

Ba zan ce laifin duka nawa ba ne. Kwana uku aka ba ni, maigidan yana tsaye a kaina, kuma babu wanda ya taɓa koya mini wannan aiki. Na daɗe ina lallashin kaina da labarin rokar Ariane 5 ta Turai, wadda ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta a ranar 4 ga Yuni, 1996, saboda an ɗauko manhajar Ariane 4 aka ɗora mata, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Idan manyan injiniyoyi sun yi tuntuɓe, wane ne ni? Amma gaskiya ɗaya ce: sunan ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya yana da alhamza, kuma minti biyu sun isa in rubuta shi. Ban rubuta ba ne domin ina so manhajar ta yi aiki in tafi gida.

Ku masu fara aikin gwajin manhaja, na yi niyyar rubuta muku shawarwari goma, amma da na zauna sai na ga ba su kai haka ba. Ku gwada da abin da mutanen gaske za su shigar: suna mai alhamza, lambar waya da ta fara da +234 maimakon sifili, ranar haihuwa 29 ga Fabrairu, tsohuwar waya a inda sabis ke ɗaukewa. In kun ga matsala, ku rubuta matakan da kuka bi, da abin da kuka zata, da abin da ya faru, ta yadda mai gyara zai sake ganinta ba tare da ya kira ku ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yaran yanzu su zo da takardar shaidar ISTQB ta ƙwarewa a gwajin manhaja, suna tambayar yaushe za a koya musu Selenium, manhajar da ke gwada shafukan intanet da kanta, alhali ba za su iya tashi su je su tambayi mai karɓar kuɗi yadda take aiki ba.

Kada ku sa hannu a kan abin da ba ku gwada ba, ko da maigida zai yi fushi. Sai dai kuma kada ku ce sai kun gwada komai, domin komai ba ya gwaduwa, kuma ni kaina na taɓa riƙe aiki wata biyu saboda tsoro har wanda ya ba mu aikin ya koma wani wuri. Ku fara da inda kuɗin mutane ke bi, sauran kuma ku rubuta ƙarara cewa ba ku taɓa shi ba.

Na mayar wa yaron takardarsa, na ce ya gwada Sa'adatu, sannan ya danna biya sau biyu. Sunan ya wuce lafiya, har ya juyo yana murmushi. Rasit kuwa biyu suka fito.