Bin sawun zanen Andrews da matarsa

Duk wanda zai bi tarihin zanen da Thomas Gainsborough, shahararren mai zane ɗan Ingila, ya yi wa Robert Andrews da matarsa Frances, kada ya fara da kundayen baje kolin zane-zane. Nan na fara, kuma lokacin da na ɓata a can har yau yana ci mini rai. An yi zanen wajen 1750, amma jama'a ba su sa shi a ido ba sai 1927, da aka fito da shi a garin Ipswich na Ingila don cikar shekara 200 da haihuwar mai zanen. Duk shekarun da ke tsakani yana hannun zuriyar Andrews. Ina za ka same shi a takardun dillalai, alhali bai taɓa shiga kasuwa ba?

Bayanin yana cikin rajistar aure da takardun gado da na filaye. An ɗaura auren a garin Sudbury a watan Nuwamba 1748, ango yana da shekara 22, amarya 16, kuma auren ne ya ƙulla dukiyar gidajen biyu. Da na gane haka sai tsarin zanen ya fito mini fili. Faɗinsa kusan santimita 119, tsayinsa kusan 70, ma'auratan an tura su hagu, gona ta cinye sauran. Ba ƙagaggen wuri ba ne, gandunsu ne na Auberies, kuma bishiyar da ke bayansu tana nan har yanzu. Dubi yadda kututturen hatsin da aka girbe ya jeru layi-layi, alamar an yi shukar da na'ura, sabon abu a Ingila a lokacin.

Kada ka dogara da hoton intanet. A cinyar Frances akwai wurin da ba a ƙarasa ba, a ƙaramin hoto sai ka ɗauka tabo ne. Wasu sun ce tsuntsun da mijin ya harbo za a zana, wasu sun ce wurin jariri aka bari. Rubuta su a matsayin hasashe kawai.

Daga 1960 aikin ya yi sauƙi: an yi gwanjonsa a Landan kan fam 130,000, ya koma National Gallery, gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan. Da daga wannan cinikin na fara na bi zuriyar baya-baya, da ban sha wahalar kundayen nan ba.