Mutumin da ya shiga rijiya ba a yi cigiyarsa ba

Da hutun ƙaramar sallah ƙanena ya dawo daga Katsina da wani jibgegen littafi na Haruki Murakami, marubucin nan ɗan Japan da aka haifa a Kyoto a 1949. Sunan littafin The Wind-Up Bird Chronicle, ya fito da Japananci tsakanin 1994 da 1995, Jay Rubin ya mayar da shi Turanci a 1997. Ya wurgo mini shi ya ce, "Yaya, ga shi nan, ni dai na gaji. Ina ta buɗe shafi, mutum na nan yana neman kyanwa."

Da gaskiyarsa. Toru Okada ya ajiye aikinsa a ofishin lauyoyi, ya zauna gida yana dafa taliya yana gugar riguna. Kyanwarsu ta ɓata. Can kuma matarsa Kumiko ta fita aiki ba ta dawo ba. Maimakon ya bazama nema, sai ya samo tsanin igiya ya sauka cikin busasshiyar rijiyar wani kango a unguwarsu, wai zai yi tunani. Daga ƙasan rijiyar nan har ratsa bango yake yi ya tsinci kansa a ɗakin otal mai lamba 208.

Wani abokina malamin sakandare da na ara wa, nan ya tsaya. Ya ce shirme ne, mafarki ne aka saka wa bango ake sayarwa. Ni kuwa wannan bai ɗaga mini hankali ba ko kaɗan. Ɗan Daura ne fa ni. Tun ban iya wanke hannu ba nake jin labarin Kusugu, da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo cikin dare ya sare masa kai. Wanda ya tashi da wannan, ba sai an lallashe shi ba kafin ya yarda akwai wani abu a ƙasan rijiya. Abin da ya hana ni barci daban ne: labarin tsohon soja Mamiya, wanda ya ga an feɗe mutum da ransa a Mongoliya a 1938, shi kuma ya ƙare a ƙasan wata rijiyar. Sai da na rufe littafin na fita tsakar gida shan iska.

Amma wadda ta fi mu duka fahimta Inna ce, ita da ko bihim ba ta sani ba a Turanci. Bayan isha'i na riƙa ba ta labarin da Hausa, ina tsallake wuraren da ba a faɗa wa uwa, kuma suna da yawa. Ratsa bango bai sa ta ko ɗaga kai daga tsintar wake ba. Da na ce mutumin ya kwana ya wuni a rijiya, wata 'yar maƙwabta mai shekara 16 ta janye tsanin ta rufe murfin, sai ta ajiye faifai.

"Ba shi da dangi ne?" ta ce. "Mata ta bar gida, ba a tura biko ba, shi ya ɓace, ba wanda ya yi sallama a ƙofa?"

Na ce a Tokyo ne, Inna.

Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko an ga kyanwar. Na ce ta dawo da kanta. Ta ce to, alhamdu lillahi, ta ja faifanta.