GOS ɗin madarar jarirai fa ba iri ɗaya ba ne

Duk wanda ya saba juya gwangwanin madarar jarirai yana karanta bayansa ƙila ya taɓa cin karo da haruffan nan GOS, taƙaicen galacto-oligosaccharides. Wani irin sukari ne da cikin mutum ba ya iya narkarwa, sai ya wuce har babban hanji inda bakteriya masu amfani irin su Bifidobacterium ke cinye shi, irinsa ne masanan kimiyya Gibson da Roberfroid suka kira firibayotik a 1995.

Da laktos ake yin sa, wato sukarin madara, a zuba masa wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sauya wani abu zuwa wani, mai suna beta-galaktosides. Asalin aikin enzayim ɗin raba laktos gida biyu ne, gulukos da galaktos, amma in laktos ya yi yawa a ruwan sai ya koma ɗaukar galaktos yana liƙa wa wani sukarin, nan guda uku can huɗu can biyar, kamar ana shirya carbi amma kowane zare da kalar ƙullinsa.

To ƙullin nan shi ne ya dame ni wallahi. Kowane sukari yana da ƙwayoyin kabon da aka ba lamba, a kansu ake ƙullin. Enzayim ɗin da aka samo daga bakteriyar Bacillus circulans ya fi haɗa kabon na 1 na wannan sukarin da na 4 na wancan, na wata funfuna mai suna Aspergillus oryzae kuma ya fi haɗa na 1 da na 6, kuma bakteriyar hanji ba kowane ƙulli kowacce ke iya kwancewa ba. Kun ga kenan kamfani biyu za su rubuta GOS amma abin da ke ciki daban.

Gano wannan kuwa aiki ne ja. In ka auna nauyi kawai ba ka yi komai ba, don gulukos da galaktos nauyinsu ɗaya, 180, dole sai an fara tace su da kiromatogirafi an ware kowanne gefe sannan a sa a na'urar NMR wadda ke nuna inda kowane haidirojin yake zaune, daga nan a gane wane kabon ne ya riƙe wane. Haka masu bincike a jami'ar Groningen ta ƙasar Holan suka yi wa wani GOS na kasuwa mai suna Vivinal GOS a 2014, suka fito da siffofi sama da 40 a cikin samfur guda ɗaya tal.

Ni dai a ganina tunda abin jarirai ake ba, ya kamata kamfanoni su riƙa faɗin enzayim ɗin da suka yi aiki da shi, ko don likitoci da masu bincike su san wane GOS aka gwada kafin a ce yana da amfani.