Kututture ɗaya ya sa na canza wa mashin ɗin ƙanƙarata tonel

Kututture ne ya jawo min duk wannan wahalar. Ƙarshen Fabrairun bara muna saman Boulder Mountain a Revelstoke, nan yammacin Kanada, dusar ƙanƙara ta zuba kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, ina ta gadara a tsakanin bishiyoyi kamar wanda aka haifa a wurin, sai kawai na ji ƙwam a ƙasan ƙafata ta dama. Na tashi sama na faɗo, ni lafiya lau don ƙanƙarar laushi ne da ita kamar garin fulawa, amma mashin ɗin kam ya ji jiki. Matakin ƙafa ya lanƙwashe ya yi sama, gefen tonel ɗin ya lotsa ciki har tirak na gogarsa.

Bari na ɗan yi bayani don ƙanena da na tura wa hoton ya bugo yana tambayata wai Yaya wannan jirgin ruwa ne ko babur. Mashin ne na tafiya kan dusar ƙanƙara, mutanen nan siled suke ce masa, gaba sandunan sulɓi biyu, baya kuma tirak na roba mai haƙora kamar na katafila. Tonel shi ne wannan dogon alminiyam ɗin da ya kife a kan tirak, ka ɗauka indararo ne aka kifa. A kansa kujera da tankin mai suke, a gefensa matakan ƙafa, a cikinsa aka ɗaure shakazoba da duk ƙarafan da ke riƙe tirak. Abin da ban ba muhimmanci ba lokacin kuma, lagireton mashin ma a jikinsa yake. Irin waɗannan mashinan na hawan dutse ba su da fanka, ruwan inji yana bi ta wasu faffaɗan bututun alminiyam a rufin tonel, tirak na watsa musu ƙanƙara daga ƙasa, shi ke nan sanyayawar.

Nawa tsoho ne, na 2014, inji 800, tirak inci 155 da haƙora inci 2.4, na hannu na saye shi. Da zafi ya shigo na zauna ina lissafi, zaɓi huɗu ne a gabana. Ko na sayi tonel irin na kamfani sak, ko na kai wannan a buga a miƙe a yi masa faci, ko na sayi na kasuwa na alminiyam wanda ƙananan masu ƙira ke yi gajere, ko kuma na kabon, wato wanda aka yi da zaren kabon da aka daskarar da gam, ba ƙarfe ba.

Na kamfani ban ma daɗe a kansa ba, kuɗi mai yawa ka koma inda kake. Faci kuma wani dattijo da muke aiki tare, wanda shi ya fara koya min hawa, ya zo ya duba ya shafa wurin da yatsa ya ce alminiyam in ya lanƙwashe ka miƙe shi to ya riga ya gaji, zai tsage a daidai wurin ko bana ko baɗi, kuma wannan lotsawar dab take da ramin da ake ɗaure shakazoba. Na kabon shi ne ya tafi da hankalina, wallahi na yi sati biyu ina kallon hotunansa da daddare. Ba nauyi, kuma ƙanƙara ba ta cika manne masa ba. Amma farashinsa ya kusa kuɗin da na sayi mashin ɗin gaba ɗaya, sannan kabon ba ya lanƙwasa, fashewa yake, ba mai walda da zai taimake ka. Mutumin da kututture ya riga ya sani ba shi da haɗi da kabon.

Sai na tsaya kan na alminiyam gajere. Dama yanzu can duniyar ta karkata, kamfanin Ski-Doo sun fito da gajeren tonel a mashinsu Summit Expert na 2020, kamfanin Polaris suka biyo da nasu Matryx Slash a 2022, kowa a filin ajiye motoci maganarsa ke nan. Dalilin kuma gaskiya ne ba talla ba. In ka shiga ƙanƙara mai zurfi tirak yana haƙa rami, yana nitsewa, to wutsiyar tonel da bamba da wannan robar da ke lilo a baya da matakan ƙafa su ne ke zama daram a kan ƙanƙarar su rataye mashin, tirak ya koma yana juyawa a banza ba abin da yake kamawa. Ka maƙale ke nan, sai shebur. In wutsiyar gajeriya ce tirak ya leƙo bayanta, ƙanƙarar na samun hanyar fita, mashin na ci gaba da tura kansa.

Masu ƙira biyu na kwatanta. Na farko kaurinsa ya fi, lagiretonsa dogo har kusan wutsiya, ramuka duk an huda. Na biyu ya fi shi sauƙin nauyi da kusan kilo 2, ya fi gajarta, lagireto ɗan ƙarami a gaba kawai, ramukan shakazoba kuma kai za ka huda da kanka don an yi shi ne ya shiga mashina iri iri. Ni da nake ɗaukar fulas ɗin shayi da kilishi da jarkar mai a baya, ni ne na zaɓi na biyu saboda kilo 2. Dattijon nan ya kalle ni ya kalli tumbina bai ce komai ba.

Aikin na fara shi a Oktoba a gareji, na ce wa uwargida kwana biyu ne, Asabar da Lahadi. Sati uku motarta na kwana a waje. Cire kujera da tanki da tsiyaye ruwan inji da zare tirak duk wannan yini ɗaya ne, ribit ne bala'in. Tonel ba da noti aka haɗa shi da gaban mashin ba, ribit ne, wato ƙusar da ake matse faranti biyu da ita, na inci 3/16 rututu, na daina ƙirgawa da na wuce 100. Kowane ɗaya akwai ɗan ƙarfe mai tauri a tsakiyarsa, in ba ka fara buge shi da fonci ya faɗa ciki ba, bakin diril zai zame gefe ya faɗaɗa ramin, ramin da ya faɗaɗa kuma sabon ribit ba zai kama shi ba. Na lalata uku kafin na gane. Ga kuma gam, wani irin gam mai ƙarfin tsiya da aka shafa a mahaɗar, sai ka gasa shi da bindigar zafi a hankali kana cusa siririn ƙarfe, in ka yi gaggawa ka ɓanɓare da ƙarfi ka lanƙwasa ɓangaren da ba ka da niyyar canzawa.

Wani abu da ya burge ni shi ne kiliko, wasu 'yan maƙalai ne masu sifirin da masu haɗa jirgin sama ke amfani da su, ka soka a ramin ribit ya riƙe faranti biyu na wucin gadi. Dattijon ya aro min gwangwani guda. Da su za ka haɗa komai tsaf ka auna ka sake aunawa kafin ka buga ribit ko ɗaya. Ya sa na auna kusurwa zuwa kusurwa, hagu ta gaba zuwa dama ta baya sannan akasin haka, sai na tuna maginin da ya yi mana gida a Zariya yana jan igiya a fandisho, dabarar ɗaya ce sak.

Inda na tafka ta shi ne ramukan shakazoba. Takardar da ta zo da tonel ɗin ta faɗa ƙarara a auna daga tsakiyar shaf ɗin da ke juya tirak. Gefen hagu na yi haka. Gefen dama akwai kayan birki da sauransu sun tare min hanya, dare ya yi, hannuna ya ƙage don sanyi, sai na ce ai duk ɗaya ne na auno daga wutsiya. Ba ɗaya ba ne. Milimita 4 kacal, amma da na ɗaga bayan mashin na tayar na ba shi wuta, tirak sai ya riƙa gudu yana komawa gefe guda, na ɗaure notin daidaitawa na sassauta na ɗaure, ya ƙi zama tsakiya. Sai da na sake sauke komai, na yanka farantin alminiyam mai kauri na liƙa ta ciki da ta waje, na sake huda. Yanzu ma in na leƙa na ga facin nan a jikin sabon tonel sai raina ya sosu. Uwargida ta leƙo da shayi ta ce Baban yara, wai ba sabo ka ce ka saya ba, na ce mata ƙarin ƙarfi ne.

Cika ruwan inji ma akwai dabara, sai ka ɗaga gaban mashin sama yadda kwalbar ruwan za ta fi ko'ina tsayi, iska ta taso ta fita, in ba haka ba iskar ta maƙale a bututu.

Fitar farko a Disamba. Daga birnin Kalgari zuwa Revelstoke kilomita 400 ne da ɗoriya, ta mashigar duwatsu ta Rogers Pass, muka duba rahoton Avalanche Canada, masu gargaɗi kan zaftarewar ƙanƙara, da safe kamar kullum, kowa ya gwada na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne, muka kama hanya. To kafin ka kai inda ƙanƙara mai laushi take sai ka yi kilomita da yawa a hanyar da aka daddaɓe, ranar kuma ta daskare ƙam kamar siminti. Allon zafi da na saba gani wajen digiri 50, ina kallo ya wuce 60, ya wuce 70, kafin rabin hanya fitilar gargaɗi ta kama. Ka ji fa, waje sanyi ƙasa da sifiri da digiri 15, gemuna ya yi ƙanƙara, mashin kuma na obahitin kamar tsohuwar bas a hanyar Funtuwa da azahar. Ba laifin kowa, ni na rage lagireto, ni na cire robar baya wadda ita ke mayar da ƙanƙarar da tirak ya watso ta koma kan bututun. Na tsaya sau huɗu ina kwasar ƙanƙara da hannu ina tulawa a kan tonel, abokan tafiya na jirana suna ɗaukar bidiyo.

Amma da muka kai sama, kai! Gaskiya wani mashin ne daban. Wurin da bara zan maƙale sau biyar kafin azahar, ranar sau ɗaya na taɓa shebur. In na kwantar da shi a gefen tudu ina yanka gangara, matakan ƙafar sababbi sirara ne na bututu masu manyan ramuka, ba sa tokarar ƙanƙara su ture ni, kuma ba sa tara ta a ƙarƙashin takalmi. A nan na gane kilo 2 ɗin da na yi ta zumuɗi a kai ba komai ba ne, tsohon tonel ƙanƙarar da ke narkewa ta sake daskarewa a jikinsa kaɗai ta ninka haka, in ka zo ɗaga bayansa da yamma kamar buhun masara. Gajartar da ramukan su suka yi aikin, kuma da na ɗauki wancan mai dogon lagireton zan samu kusan duk wannan ba tare da tsaye tsaye a hanya ba.

Akwai sauran ƙananan haushi. Duk abin da tirak ya watso yanzu a bayana yake sauka, jakata da hular kwano fari fat, fitilar baya na toshewa, wanda ke bina kuma sai ya ba ni tazara. Jarkar mai da jakar kaya ba sa shiga tare, ɗaya zan zaɓa.

Da na dawo na sa masa makankara biyu, wasu sandunan sifirin ne da ake ɗaurawa a ƙarafan ƙasa suna kartar hanya suna feso ƙanƙara cikin tirak, na kuma yanko guntuwar roba mai cirewa da nake maƙalawa a baya in muna kan hanya, in mun kai sama na cusa ta a jaka. Da su biyun zafin na tsayawa wajen 60 in dai ban yi tafiyar hawainiya ba. Makankarar dai na riga na karya ɗaya, na manta ban ɗaga ta ba na sa ribas a wurin lodi. Tsohon tonel ɗin yana nan jingine a bangon gareji, uwargida ta ce in zafi ya zo za ta cika shi da ƙasa ta shuka alayyafo.