Kuben da babu bindiga a cikinsa

Ni baduku ne, ɗan baduku. Shagona yana Sabon Garin Zariya, kuma abin da ke ciyar da gidana shi ne takalmi, ɗamara, da kayan doki idan sallah ta ƙarato. Amma a kusurwar shagon akwai wani kabad na gilashi da ya fi komai cin lokacina, alhali ko rabin kuɗin takalmi ba ya kawowa. Kayan tsofaffin sojoji ne a ciki: kuben libarba, ɗamarar hafsoshi, igiyar da ake ɗaura wa gindin bindiga a rataya a wuya, jakar harsashi, aninan tagulla da lambobin yabo.

Bindigar kanta babu, kuma ba za ta shigo ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, kuma ba ruwanta da tsufan bindiga. A Ingila da Amurka masu wannan sha'awar bindigar suke fara saye, sannan su shiga neman kubenta. Mu nan kuben ne ya rage mana, ni kuwa ya ishe ni.

A gindin mahaifina na ɗauko abin. Shi ke yi wa sojojin Daffo gyaran ɗamara da takalmi, kuma Daffo tun 1924 take horar da kurata a garin nan. Ina yaro, tsofaffin da suka je yaƙin Bama kan zauna a bakin rumfarsa da yamma suna ambaton Kaladan da Arakan kamar wasu ƙauyukan bayan Giwa. Sai da na girma na gane cewa wuraren da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi suke nufi, kuma sunan barikin Chindit na Zariya daga can ya samo asali, domin akwai sojojin Najeriya cikin dakarun Chindit, wata runduna ta musamman ta Ingila a yaƙin Bama, a 1944. Su doguwar bindiga .303 da adda suka riƙe. Libarba galibi ta hafsoshi ce, hafsoshin kuma Turawa. Shi ya sa yawancin kuben da ke zuwa hannuna daga gidan wanda ya yi wa Bature odale suke fitowa, an ba shi kyauta ranar rabuwa.

Kube yana faɗin bindigar da ya ɗauka. Libarbar Webley Mark VI, wadda sojan Ingila suka karɓa a 1915, ƙatuwa ce mai cin harsashin .455; karya ta ake yi a tsakiya, kwanso shida su zubo lokaci guda. Kubenta na kirgi ne mai kauri, kuma idan ka zura yatsa ciki za ka ji shatin da ta bari a jikin fatar, kamar gurbin da mutum ke bari a tsohuwar katifa. Enfield mai lamba 2, ta .38, wadda ta gaje ta daga 1932, ta fi ta ƙanƙanta, kuma a yaƙi na biyu an fi saka ta a kuben zaren auduga mai kauri, samfurin 1937. Ɗaga murfin ka duba ciki: sunan kamfani, shekara, da wata 'yar kibiya mai kama da sawun kaza, tambarin kayan gwamnatin Ingila. Ita kuma ɗamarar hafsa mai ratsa ƙirji, Sam Browne, sunan wani hafsa ne da ya rasa hannun hagu a Indiya a 1858, ya ƙirƙiro ta don ya iya zare takobi da hannu ɗaya. Duk sanda na ɗinka irinta sai na jinjina masa, domin nauyin a kafaɗa yake sauka.

Tambarin cikin murfin nan na taɓa kashewa da hannuna. Farkon shigata, an kawo mini kuben auduga ya yi dauɗa, na sa sabulu da buroshi na wanke shi tas. Ya fito fes, amma tawadar shekarar da sunan kamfanin sun bi ruwa. Har yau yana kabad, ban sayar ba, kuma duk yaron da zai koyi aiki a wurina shi nake fara nuna masa. Yanzu busasshen buroshi kawai nake sa wa auduga. Fata kuwa man kaɗe kaɗan, a ɗan yatsa, kafin hunturu ya tsattsage ta. Da damina fumfuna ce abokiyar gaba, sai a riƙa fito da kaya suna shan iska a inuwa. Koren da ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata, da tsinken sakace nake cire shi, ba na goge anini har ya yi ƙyalli.

Ina ɗinka sababbi ma, don masu wasan kwaikwayo da ɗalibai daga Samaru, amma kowanne sai na buga alamata a ciki. Akwai masu jiƙa sabon kube a ruwan shayi su ce na yaƙin Hitila ne. Ashana ɗaya ke tona su: zaren leda narkewa yake yi, na da kuwa ƙonewa yake ya zama toka. Su ma ba su kai 'yan gwangwan ci mini rai ba, masu ɗora bajon tagulla na sojojin Afirka ta Yamma mai hoton bishiyar kwakwar manja a sikeli su biya kuɗin kilo.

Bara wani saurayi ya shigo da akwatin ƙarfe na kakansa. Kube, lambar yabo ta yaƙin Bama da ake kira Burma Star, da wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumma.

"Baba, har da ita. Nawa za ka saya?"

"Ɗana, kada ma ka kwance. Wannan ba ta shagon nan ba ce. Ka nemi babba a gidanku ku kai wa hukuma."

Ya yi shiru, sannan ya ce to. Na tambaye shi ko akwai takarda a akwatin, domin lambobin yaƙi na biyu da Ingila ta raba ba a rubuta sunan mai su a jiki. Idan takardar sallama ta ɓace, lambar ta zama ta kowa. Muka zazzage akwatin, sai ga ta a ƙasa, gara ta ci gefe ɗaya, amma suna da lambar soja suna nan. Na ce lambar da takardar su koma gida, na jikoki ne. Kuben kaɗai na saya. Na zaunar da shi, na ɗauko kati da biro, na ce ya faɗa mini sunan kakan, da garinsu, da abin da ya ji tsohon yana faɗa game da Bama. Har aka kira la'asar bai gama ba.